Malam Bare a Layin Jarrabawa

Ba iyayensa ne suka raɗa masa Malam Bare ba, ɗalibai ne, kuma sunan ya bi shi har gida, don ko matarsa idan tana son tsokanarsa da shi take kiransa. Koyarwa yake yi a wata makarantar share fagen jarrabawa da ke saman bene, bisa wani shagon sayar da tayoyi. Ɗaliban duk manya ne, masu neman aikin gwamnati, waɗanda sai sun ci jarrabawar hukumar ɗaukar ma'aikata kafin a ko dubi takardunsu. Jarrabawar kashi-kashi ce. Akwai lissafi, akwai fahimtar rubutu, akwai kuma kashin da ake jera wa mutum abubuwa huɗu a ce ya cire wanda ba ya cikin dangi. Wannan kashin shi ne nasa. Shi yake ce masa fidda bare, su kuwa ɗalibai suka ɗauki sunan suka liƙa masa.

Kuma a gaskiya ya iya abinsa. Da yamma idan aji ya cika, fankar sama tana ta kuka, warin roba yana hawowa daga ƙasa, sai ya shigo ya rubuta a allo: kaza, agwagwa, tattabara, jemage. Kowa ya ce jemage, yana murna. Sai ya tambayi dalili, rabin aji ya yi tsit, har sai wani ya tuno cewa jemage haihuwa yake yi, sauran kuwa ƙwai suke sakawa. Daga nan ya goge ya rubuta: uwa, inna, kawu, goggo. Nan aji yake rabewa biyu. Wasu su ce kawu, don shi kaɗai ne namiji. Wasu su ce goggo, don ita kaɗai ce ta wajen uba. Ya bar su su yi ta musu, wata ta ce ai goggonta ko a gida bare ce, aji ya kwashe da dariya, sannan ya buga tebur ya faɗa musu maganar da kowa ya haddace:

"Kada ku nemi baren. Ku nemi abin da ya haɗa ukun, baren zai fito da kansa."

A gindin matakalar benen akwai wani ƙaton allon talla da mai makarantar, wanda kowa ke kira Darakta, ya sa aka buga. Hoton Malam Bare ne a jiki, cikin kwat ɗin aro, ya harɗe hannu a ƙirji. A ƙarƙashi an rubuta cewa shi ne ya zo na ɗaya a jarrabawar a shekararsa, aka ba shi aiki ya ƙi, don ya fi son ya koyar. Ranar da aka kafa allon ya je ya sami Darakta ya ce wannan magana ba haka take ba. Darakta ya yi dariya ya dafa kafaɗarsa, ya ce talla ke nan, kowa haka yake yi, kuma wa zai je ya bincika? Malam Bare ya juya ya fita. Daga ranar, kullum zai hau benen sai ya juya fuskarsa wajen tayoyi, kamar mai neman wanda zai saya.

Abin da ya faru da gaske shi ne, ya zauna jarrabawar tun yana saurayi, ba sau ɗaya ba, kuma bai taɓa ci ba. Ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Shi dai da zarar an ce a fara, ya ga agogo a bango, sai kowace tambaya ta zame masa mai baki biyu. Ya san amsar da ake so, amma sai ya hango wata, ya tsaya yana auna su, lokaci yana tafiya.

Matarsa ce kaɗai ta san wannan. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti take aiki, mace ce da ba ta iya zagaye-zagaye ba. Da hukumar ta fitar da sanarwar jarrabawar bana, ita ta fara gani, ita ta lura cewa daga wannan shekarar shekarunsa za su wuce ƙa'ida. Ta tare shi da safe yana goge takalmi, ta ce masa ta gaji da bi ta wannan titin tana sunkuyar da kai saboda allon nan, don abokan aikinta har taya ta murna suke yi wai ta auri haziƙi.

"Baban yara, ɗaya za ka zaɓa. Ko ka sa a sauke shi, ko ka je ka mayar da shi gaskiya."

Sauke allon yana nufin fuskantar Darakta da tambayoyin ɗalibai, don haka ya ga jarrabawar ta fi sauƙi. Ya yi rajista a ɓoye, ya zaɓi wata cibiya can ƙarshen gari, inda ya tabbata babu ɗalibinsa ko ɗaya, don duk shi ya taya su cike takardun rajista, ya san inda kowa ya zaɓa.

Ranakun hutu da hantsi sai a tura yara gidan kakarsu, ya zauna a teburin cin abinci da tsofaffin tambayoyi, ita kuma ta riƙe waya tana duba masa lokaci. Abin kunya ne da dariya a haɗe. Mutumin da yake tsawata wa aji guda, ga shi yana tauna gindin fensir a gaban matarsa. Idan babu agogo ba ya faɗuwa ko ɗaya. Da ta ce ta danna agogon, sai ya fara faɗa da takarda. An ba shi tara, sha shida, ashirin da biyar, talatin da biyar. Ya san talatin da biyar ake nema, don sauran kowanne lamba ce da aka ninka da kanta, amma sai ya ce ai sha shida ma ita kaɗai ce ake rabawa biyu, tara kuma ita kaɗai ce mai lamba guda. Matar takan ce masa ba muhawara aka kira shi ba, da'irar amsa kawai zai cike ya wuce. Ya ce ya sani. Washegari da yamma kuma ya tsaya a gaban aji yana faɗa musu daidai wannan maganar, da muryar wanda bai taɓa jin tsoron agogo ba.

A cikin ajin akwai wani da ake kira Direba, don motar ɗaukar yaran wata makaranta yake tuƙawa. Ƙato ne mai sanyin magana, kullum a makare yake zuwa, ya zauna a baya da makullin mota a rataye a yatsa. Fahimtarsa a hankali take zuwa, amma idan ta zo ba ta komawa. Ba wanda ya kai shi ganin girman Malam Bare. Shi yake goge allo, shi yake riƙe masa jaka zuwa ƙasa, kuma idan suka zo gindin bene sai ya ɗaga kai ya dubi hoton ya ce da a ce shi ne ya zo na ɗaya, da ko barci ba zai ƙara yi ba don murna. Malam Bare sai ya ce masa ya dage da karatu, ya karɓi jakarsa ya yi sauri ya tafi.

Ana gobe jarrabawa saƙo ya shigo wayarsa daga hukumar. Rufin cibiyar da ya zaɓa ya samu matsala, don haka an mayar da waɗanda suka zaɓe ta babban zauren da ke tsakiyar gari. Ya karanta ya sake karantawa. Babban zauren nan ne kusan duk ajinsa suka zaɓa. Ya ce wa matarsa shi kam ya fasa. Ba ta yi masa musu ba. Ta dai goge masa riga, ta fiƙe fensira biyu ta ajiye a kan takardar shigarsa, da gari ya waye ta tafi aikinta ta bar su a kan tebur.

Ya je. Ya yi niyyar ya laɓe a tsallaken titi har kowa ya shige, amma tun bai gama sauka daga mota ba wata ɗaliba ta hango shi ta kira sunansa. Nan da nan layi ya karye, suka yanyame shi. Suna ta murna wai Malam ya zo ya ƙarfafa musu gwiwa, wani yana cewa malaman sauran makarantu ko leƙowa ba su yi ba. Takardar shigar tana aljihun ƙirjinsa, a ninke, yana jin ta kamar garwashi. Bai ce ya zo ƙarfafa gwiwa ba, bai kuma ce ba haka ba ne. Sai ya ji bakinsa yana aikin da ya saba: kada su daɗe a kan tambaya ɗaya, kada su yi jayayya da takarda, wanda ya rikice ya ja numfashi ya wuce gaba. Har addu'a suka roƙa ya yi musu, ya yi, suka shafa.

Aka buɗe ƙofa. Mai gadi ya ce mai takarda kawai zai shiga. Suka bi layi ɗaya bayan ɗaya suna ɗaga masa hannu, shi ma yana ɗaga musu, har filin ya zama babu kowa sai shi da masu rakiya da mai sayar da ruwan sanyi. Ya taka zuwa bakin titi. Mota ta tsaya, yaron mota ya tambaye shi ina za shi, ya girgiza kai. Ya tuna fensiran da ke aljihunsa da yadda za su koma gida da tsininsu. Mai gadi yana jan ƙyauren ne ya dawo da sauri ya miƙa takardarsa.

Zauren ya yi tsit, kowa ya zauna. Mai kula da jarrabawar wata mata ce mai tabarau da kakkausar murya. Ta tsayar da shi a gaba, inda kowa yake ganinsa, ta ce babba da shi bai san lokaci ba? Ta sa ya zazzage aljihunsa a kan tebur. Fensira suka fito, da makullin gida, da guntayen alli da ya manta da su. Ta ɗaga alli ɗaya sama ta tambaye shi ko koyarwa ya zo yi. Baƙin da ba su san shi ba suka yi dariya. Nasa ba su yi ba, kuma shirun nasu ya fi dariyar zafi. Ya bi tsakanin kujeru idonsa a ƙasa, yana ganin takalman da ya sani, har ya kai lambarsa. A kujerar da ke damansa, tazarar hannu ɗaya, Direba ne zaune da baki a buɗe.

Aka ce a fara.

Lissafi ya tafi daidai. Ya shiga kashin nasa, na farko da na biyu suka wuce, zuciyarsa ta fara kwanciya. Sai ya zo kan wata: kogi, tafki, rijiya, teku. Rijiya, ita ce mutum yake haƙawa. Ya sa bakin fensir a kan da'irar. Amma kogi shi kaɗai yake gudu. Teku kuma shi kaɗai ne mai gishiri. Tafki ma ai akwai wanda mutane suke haƙawa, to idan haka ne rijiya ba ita kaɗai ba ce. Ya san sarai abin da yake faruwa da shi, ya san sunan ciwon, shi yake ba wasu maganinsa, amma ya kasa ɗaga fensirin ya kasa dannawa. Kuma yau ba agogo kaɗai ba ne a kansa. Yana jin idanun ajinsa a ƙeyarsa, ko da yake da ya saci kallo ba wanda yake kallonsa, kowa ya duƙufa. Direba yana motsa leɓe a hankali, yana nuna abubuwa uku da yatsa, ya cike, ya wuce. Yadda aka koya masa yake yi, ba ƙari ba ragi.

Lokacin da mai kula da jarrabawar ta ce a ajiye fensir, Malam Bare bai ko buɗe shafukan ƙarshe ba. Ta zo ta zare takardar daga ƙarƙashin hannunsa, layukan ƙasa duk fari fat.

Ya so ya sulale, amma ƙofa ɗaya ce. A waje suka taru a kansa, wannan karon ba hayaniya, kowa yana jiran wani ya fara. Wani mai rawar kai ya buɗe baki zai yi tambaya, sai Direba ya riga shi. Ya ce shi tun a ciki ya gane dabarar: Malam ya shiga ne don ya ga irin tambayoyin bana da idonsa, saboda 'yan ajin baɗi. Fuskoki suka saki. Aka shiga yabo, wata ta ce wallahi ba a samun irinsa, mai rawar kan ya ce to ai na ɗaya ya riga ya tafi, su sai su yi kokawar na biyu. Malam Bare ya yi murmushin da ya ji yana ja masa fata, ya gyaɗa kai. Wannan gyaɗa kan shi ya fi damunsa a hanyar gida, fiye da allin, fiye da fararen layukan.

Matarsa ta dube shi sau ɗaya ta gane. Ba ta tambaye shi komai ba, ta kawo masa ruwa, ta hana yara damunsa.

Da sakamako ya fito, hukumar ta wallafa sunayen waɗanda suka ci. Ɗalibansa da dama suna ciki, har da Direba. Suka nemi sunansa a sama ba su gani ba, suka gangara har ƙasa, babu shi. Kafin yamma maganar ta kai kunnen Darakta, ya kira shi ofis ya rufe ƙofa. Ba ƙaryar ce ta dame shi ba, kasuwa ce. Ya ce gyaran mai sauƙi ne: a ce da gangan ya bar takardar, don kada ya tare wa ɗalibi guri. Har ya fara tsara yadda za a ƙara wannan a jikin allon. Malam Bare yana tsaye yana kallon kalandar bango, ya ce shi ba zai faɗi haka ba, kuma yana roƙo a cire rubutun da ke ƙarƙashin hotonsa, in ba haka ba a nemi wani malamin. Bai ji kansa jarumi ba ko kaɗan. Darakta ya yi faɗa, ya yi lallashi, daga baya da ya lissafa cewa ba shi da wanda zai riƙe kashin, ya sa aka shafe layin da fenti. Amma labarin barin takarda da gangan ya riga ya fita daga bakin Darakta, ya zaga gari da ƙafarsa. Wasu suka yarda, wasu suka yi dariya a bayan ido, wasu kaɗan suka koma wata makarantar.

Wata ranar hutu da hantsi aka yi sallama a ƙofar gidansa. Direba ne da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa mai kuzari, shi kuma yana rungume da ƙaton kwali. Matar gidan ta shigo da su falo ta kawo lemo. Tsohuwar ba ta ko taɓa kofin ba ta shiga godiya. Ta ce an faɗa mata komai, yadda ya bar gurinsa don ɗanta ya samu, ta ce ko ɗan'uwa na jini ba kowa zai yi haka ba. Tana yi tana share ido da gefen mayafi. Malam Bare ya dubi matarsa, ta sunkuyar da kai tana gyara faranti.

"Mama, ba haka aka yi ba," ya ce. "Na zauna ne don in ci, na faɗi. Ban taɓa cin jarrabawar nan ba. Ɗanki da ƙoƙarinsa ya samu."

Tsohuwar ta dube shi, ta juya wajen matar gidan ta ce ta ga irin halin mutanen kirki ko, ba sa son a faɗi alherinsu. Ta ƙara sa masa albarka a kan tawali'u. Ya sake buɗe baki, ta ɗaga hannu ta ce ya isa, ita ba yarinya ba ce. Haka ya zauna, ya faɗi gaskiyar da ta fi ƙarfinsa shekara da shekaru, an mayar masa da ita yabo.

Ya raka su waje. Tsohuwar ta yi gaba wajen mota, Direba ya rage tafiya, yana juya makulli a yatsa, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Malam, ni na ga takardarka lokacin da aka karɓa."

"To me ya sa ka faɗi abin da ka faɗa a waje?"

"Ban so su yi maka dariya a gabana ba. Ka yafe mini idan na ƙara ɓata abin."

Malam Bare ya ce babu abin yafewa. Sai ya tambaye shi yaushe zai fara aiki. Direba ya ce farkon wata, kuma ƙanensa zai karɓi motar makarantar, shi ma baɗi zai zo ajin, don ya riga ya ce masa kada ya je ko'ina sai wurin Malam. Suka yi musabaha, motar ta tashi.

Da ya dawo ciki ya tarar yara sun yage kwalin. Fanka ce ta tsaye, a wargaje, ƙafa daban, wuya daban, fukafukai a cikin leda. Matarsa ta ce sai ya haɗa ta, tun da tasa ce. Ya zauna a ƙasa ya baje ƙarafunan a gabansa, ita ta tsuguna kusa da shi ta tara sukurori a tafin hannunta tana miƙa masa ɗaya ɗaya. Ya ɗaura murfin a juye, ta nuna masa, ya kwance ya sake. Ta tambaye shi ko zai je aji gobe, ya ce zai je, sababbi za su fara. Da aka gama, babbar 'yarsu ta jona wayar a bango ta danna, fankar ta ɗauka, ta kwashe ledojin da ke ƙasa ta watsa su ƙarƙashin kujera, yara suka bi su da gudu.